Shukar da Za Ta Tsallake Bazara

Ƙannena na Moriki, da na Zurmi, da Ƙaura da Shinkafi, maza da mata, duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san yadda launi yake ƙaura daga gari. Da zarar an yanke gero an kwashe dawa, kore ya fara ja da baya. Hunturu ya zo ya lulluɓe komai da ƙura. Kafin watan Afrilu ya kama, katanga da ƙasa da sararin sama sun koma kala ɗaya, in ka ɗauke dogon yaro a cikin gari da gawo a gona. Wata bakwai, wani lokaci takwas, muke yi a haka kowace shekara, har ido ya saba ya daina nema. Abin da nake son in ja hankalinku a kai shi ne rainon shuka mai ganye mai launi a tsakar gida, irin wadda ba ta mutuwa da ɗaukewar ruwa, a tukunya ko a fangali. Sharaɗi ɗaya zan kafa muku, kuma duk sauran maganata a kansa ta rataya: ku zaɓi wadda za ta tsallake bazara. A watan Agusta kowace shuka kyakkyawa ce, har ciyawar bakin kwata. Afrilu da Mayu ne suke faɗin gaskiya.

Na ce ganye ban ce fure ba, kuma da dalili. Fure 'yan kwanaki yake yi ya kaɗe, kuma yawancin furannin da ake sha'awa sai shukar ta ƙoshi da ruwa ta sami sanyi take fitar da su. Wadda adonta ke jikin ganyenta kuwa, muddin tana samun kulawa tana cikin kwalliyarta, rani da damina. Ga shi ba a sake shuka ta duk shekara; dashe ɗaya ne, sai kulawa.

Na san abin da wasunku za su ce. Muna cikin halin rashin tsaro, gonar nesa ta gagari mai ita, bin hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi sai da addu'a da duba lokaci, 'yan uwa daga ƙauyuka sun cika gidajen cikin gari, kwanon gero ya yi tsada. Wa ke ta ganyen ado? Tambaya ce ta gaskiya, ba na raina ta, kuma ban ce kowa ya hana zogale ko yakuwa wuri saboda kwalliya ba. Abin miya shi ne gaba. Amma ku duba da kyau: tsakar gida ita ce 'yar ƙasar da ta rage a hannun matashi wadda zai taɓa ba tare da fargaba ba. Yaron da ya yi damina biyu bai riƙe fartanya ba, hannunsa mantuwa yake yi. Tukunya ɗaya tana koya masa halin ƙasa, da ma'aunin ruwa, da bambancin taki ɗanye da ruɓaɓɓe, da ƙwari, da sanin lokacin dashe, kuma waɗannan su ne dai darussan da zai buƙata ranar da zai raini tumatir ko ya dasa mangwaro. Bayan haka, gidan da ke da ɗan ja da kore a gefen ɗaki yana sanyaya zuciyar mutanen cikinsa, musamman iyayenmu mata da tsofaffi da suke wuni a ciki da damuwarsu. Wannan a wurina ba ƙaramin abu ba ne.

Kuskuren farko ta waya yake shigowa. Hotunan lambunan Ingila da Amurka suna yawo a Facebook, mutum ya gani ransa ya biya. Cikin waɗanda suka fi ɗaukar ido akwai wata mai suna Heuchera, 'yar Arewacin Amurka, mai ganye ja da ruwan goro da shunayya, har da mai ɗaukar ido ruwan azurfa. A can ana jera ta a bakin fangali da cikin tukwane ta yi shekaru. Amma asalinta dazuzzuka ne da gefen duwatsu masu sanyi. Tana jure ƙanƙara, zafin da ya haura digiri 40 kuwa, irin wanda muke kwana muna tashi da shi kafin ruwan fari, ba ta san shi ba. Ko a jihohin kudancin Amurka masu zafi masu lambu fama suke yi da ita. Wanda ya tura kuɗi ta intanet ya sayi irinta don ya shuka a Moriki, asara ya yi.

Baƙunta ba ita ce aibinta ba. Gyaɗar da jirgin ƙasa ya riƙa kwasa daga Ƙaura Namoda tun da layin dogo ya iso a 1929, asalinta Kudancin Amurka ne, haka ma rogo. Mangwaro da dogon yaro daga wajen Indiya suka zo. Duk sun zauna sun zama 'yan gida, saboda daga ƙasar zafi suka fito. Don haka tambayar da za ku riƙa yi wa kowace shuka kafin ku ɗauke ta ita ce, wace irin ƙasa ce ta haife ta, kuma ruwa nawa take sha in rana ta buɗe.

Ku fara da ta gida. Moda tana fitowa da kanta a ƙasar Hausa, a gindin itatuwa da gefen duwatsu da kan tsohon suri, kuma da zarenta magabata suke tufka igiya da tsirkiyar baka. Ganyenta tsaye yake, mai kauri, da ratsin kore mai duhu da mai haske a kwance. 'Yar uwarta, wadda masana suka daɗe suna kira Sansevieria trifasciata, ita ma 'yar Afirka ce, daga Najeriya zuwa Kwango, kuma yau tana cikin shukokin ɗaki da aka fi sani a duniya. Akwai irin da ke da zanen ruwan ɗorawa a gefen ganye, shi ne wanda ya fi kyau a tukunya. Sirrin juriyar moda shi ne tana ajiye ruwa a ganye da saiwa, kuma ƙofofin numfashin ganyenta da dare suke buɗewa, da rana su rufe, don haka rana ba ta samun abin zuƙa sosai. Za ka iya tafiya ka bar ta mako biyu ka dawo ka same ta yadda ka bar ta. Abin da ke kashe ta yawan ruwa ne. In gindinta ya zauna cikin laima a damina sai ya ruɓe, ganyen ya yi laushi ya kife. Ni dai duk wanda ya tambaye ni da me zai fara, moda nake ce masa, ko da yana da rijiya a gida.

Mai biye mata a juriya wata ce mai rarrafe, ganye da kara duk shunayya, wadda masana ke kira Tradescantia pallida, 'yar ƙasar Meziko. Karanta mai ruwa ne, yana karyewa da sauƙi, kuma duk gaɓar da ta taɓa ƙasa mai laima sai ta yi saiwa. Tana da 'yar uwa mai tsayuwa dunƙule, saman ganyenta kore, ƙarƙashinsa shunayya, wadda ke haihuwar 'ya'ya a gindi har ta cika tukunya. Waɗannan biyun suna ɗaukar rana da ƙishi fiye da yadda taushinsu yake nunawa.

Daga nan sai masu son a yi musu hidima. Akalifa, mai faɗin ganye ja da ruwan tagulla, wadda ake yin shinge da ita a harabar makarantu da ofisoshi a manyan garuruwa, daga tsibiran tekun Pasifik ta fito, wajen Fiji. Tana iya kai tsayin mutum ta wuce, tana jure rana in tana samun ruwa, kuma ta fi jin daɗi a ƙasa bisa ga tukunya. Kuroton shi ne sarkin kwalliya a cikinsu: ganye mai kauri da sheƙi, ja da ɗorawa da kore da ruwan goro a ganye ɗaya. Asalinsa Malesiya da Indunisiya da tsibiran da ke gabas da su, ƙasashen da iskarsu ke ɗauke da laima duk shekara, shi ya sa hunturunmu ya fi ba shi wahala bisa ga zafinmu. Sai koliyos, wanda ya fi kowa yawan kala ya kuma fi kowa raki. Shi kam dangin gida ne ta wata fuska, don zuriyarsu ɗaya da tumuku da rizga, kuma in ka murza karansa za ka ji yana da kusurwa huɗu irin na ɗoɗɗoya. Kada ku fara da shi. A bazara yana iya neman ruwa safe da yamma, rana ɗaya aka manta sai a tarar ya kwanta. Wanda ya ga lallai yana son sa, ya riƙa sabunta shi da yankan reshe duk damina, kada ya dogara da tsohuwar uwa.

Sanin inda launin yake fitowa shi ke nuna wa mutum inda zai ajiye tukunyarsa. Koren ganye sinadarin kulorofil ne, wanda da shi shuka ke haɗa abincinta daga hasken rana. Ja da shunayya wani sinadari ne daban, antosayanin, shi ne dai ke ba zoɓo jansa. Ruwan ɗorawa da ruwan goro kuwa dangin karotin ne, irin wanda ke cikin karas da manja. Jan nan yana ƙaruwa ne da haske, don kariya ce ga ganyen. Shi ya sa in ka kai kuroton lungu mai duhu, sabon ganyensa kore zai riƙa fitowa, don shukar na neman abinci ba ado ba. Wurin da ya yi fari ko ɗorawa mai haske a jikin ganye kuma ba shi da kulorofil sosai, shi ne farkon ƙonewa in ranar azahar ta same shi. Tsakanin duhu da ƙuna, wurin da ya fi dacewa a gidajenmu shi ne gabashin ɗaki ko gabashin katanga, inda rana za ta taɓa shukar daga fitowarta zuwa hantsi, inuwa ta rufe ta kafin azahar. Gindin dogon yaro ma yana yi, inda haske ke ratsowa tsakanin ganye, amma a tukunya, don saiwarsa ba ta barin ruwa ga kowa a ƙasa. Ku guji jikin bangon siminti mai kallon yamma da kusa da rumfar kwano. Zafin da suke fitarwa bayan la'asar ya isa ya dafa ganye ko da gindin yana da ruwa. Kuma ku yi hankali da takin zamani. Yuriya tana sa ganye ya yi girma ya yi kore, ja ya dushe.

Tukunya ta fi dacewa da yawancinku bisa ga fangali, musamman wanda ke gidan haya ko gidan yawa. Ana ɗaga ta a gudu daga rana, a ɗora ta inda akuya ba ta kai, ruwan da aka zuba kuma ba ya bin yashi ya tafi. Mafi kyau ita ce ta yumɓu. Bangonta yana tsatsar da ruwa ya sanyaya abin da ke ciki, yadda randa ke sanyaya ruwan sha, kuma saiwa tana samun iska. Ba sai an sayi sabuwa ba: tsohon tulu mai yoyo, ko randar da ta tsage aka jingine ta bayan ɗaki, sun wadatar. In za a saya, a gaya wa mai ginin tukwane ta huda gindin tun kafin a gasa. Jarka da aka yanke ko bokitin fenti suna yi, kuma sun fi riƙe ruwa, sai dai baƙar roba tana ɗaukar zafi har ta ƙona saiwar da ke jikinta. A naɗe ta da buhun algarara, ko a binne rabinta a ƙasa. Gwangwani shi ne mafi muni a rana. Ko wace iri ce, dole ta kasance da huda. A ɗora tsingaro ɗaya a kan hudar don kada ƙasa ta toshe ta, a ɗora tukunyar kan bulo ko duwatsu uku don gara kada ta sami hanya. Kada kuma a sa ɗan ƙaramin dashe a babbar randa. Ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba tana riƙe ruwa ta yi tsami.

Ƙasar da za a zuba ita ce inda mafi yawa suke faɗuwa. Jigawar da muke da ita ba ta riƙe ruwa. Lakar fadama, irin ta bakin gulbin Gagare ko na Bunsuru, tana da ƙarfi a lambu, amma in aka cusa ta ita kaɗai a tukunya sai ta dunƙule, ta tsage in ta bushe, ruwa ya bi tsagar ya fice bai jiƙa komai ba. Haɗawa ake yi: kashi biyu na ƙasar sama mai duhu, irin ta gindin itace ko tsohuwar makwantar dabbobi, kashi ɗaya na yashin gulbi, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, da ɗan garin gawayi in akwai. Ruɓaɓɓen taki ana gane shi da ido da hanci. Ya yi baƙi, ba ya wari, ba ya ɗumi in ka tura hannu, kashin awakin da ke ciki yana marmashewa da an murza. Ɗanye yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara da gwazarma. In an gama cuɗawa, a yayyafa ruwa kaɗan, a damƙi cikin hannu a matse. Ƙasa mai kyau za ta fito dunƙule da shaidar yatsu a jikinta, amma da an taɓa ta da ɗan yatsa sai ta wargaje. In ta zube tun kafin ka buɗe hannu, yashi ya yi yawa. In ta tsaya kamar curin fura ko an dungure ta, laka ta yi yawa. Moda kuwa a ƙara mata yashi fiye da saura.

Mai fili da ruwa, fangalinsa ya zama mai ɗan zurfi irin na albasa, don ya tare ruwan da aka zuba. Abu biyu zai kiyaye. Kada ya haƙa shi ƙarƙashin indararo ko inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta. Kuma ya ja shi nesa da ginin ƙasa aƙalla kamu biyu, don ban ruwa kullum a gindin bango yana jiƙa tushe, kuma babu adon da ya kai a rasa ɗaki. Akalifa a baya, moda a tsakiya, mai rarrafen nan shunayya a baki, ya isa. Shinge kuwa wajibi ne tun ranar farko, na ƙaya ko kara ko waya. Akuya tana cin toho, kaji kuma suna tone gindi don neman sanyi.

Yanzu maganar ruwa, wadda ita ce ke yanke hukunci. Kafin ka ƙara tukunya ta biyu, ka lissafa da farashin jarka a hannun 'yan ga-ruwa a watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi suka ja baya layin burtsatse ya yi tsawo. In lissafin ya nuna tukunya uku za ka iya, tsaya a uku. Gara uku masu rai da goma da za a kalla suna bushewa. Yawancin ruwan ma ba sai an saya ba. Ruwan alwala shi ne mafi sauƙi: a ajiye roba a inda ake yi, abin da mutanen gida suka tara a yini ya isa tukwane da dama. Ruwan wankin shinkafa da na ganye suna yi. Ƙasari ma yana yi in dabbobi sun rage. Ruwan omo da na wanke-wanke mai mai da gishiri kada ya kusanci tukunya, don gishirin taruwa yake yi ya kashe saiwa a hankali. Ana ba da ruwa da asuba ko bayan la'asar, a zuba sosai har ya ɗigo ta ƙasa, sannan a bari sai an tura yatsa gaɓa biyu an ji bushewa kafin a sake. Yayyafi kaɗan-kaɗan kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama inda zafi yake. A rufe saman ƙasar da ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa, ana dubawa saboda gara. Wanda zai yi tafiya ya huda gorar roba da allura, ya cika ta, ya binne ta a gefen gindi. In kun ga farin ɓurɓushi a bakin tukunya, gishirin ruwan rijiya ne. A kankare, a fitar da tukunyar ruwan sama ya wanke ta in damina ta sauka.

Hunturu yana da nasa sharrin. Iskar busasshiya ce, daga arewa maso gabas take busowa, kuma ita ke sa kuroton zubar da ganye daga ƙasa zuwa sama har ya zama sanda. A tara tukwanen wuri ɗaya su raba laima, a kafa zana ta ɓangaren da iskar ke fitowa, a riƙa wanke ganyen da tsumma mai ruwa duk mako, sama da ƙasa. In ya zube duk da haka, kada a yi saurin tuge shi. A kankari ɓawon reshe da farce. In ciki kore ne, yana da rai, zai toho da saukar ruwa. A wannan lokacin ne kuma ƙwari biyu suke samun dama. Akwai wani ƙanƙane da ido bai cika gani ba, yana zama a bayan ganye, alamarsa ganyen ya yi ɗigo-ɗigo ya dushe, da siririyar yana a hammatar reshe. Akwai kuma fari mai laushi da ke taruwa a gaɓoɓi. Maganin farko wanki ne da ruwa. In sun yi yawa, a daka 'ya'yan dogon yaro busassu, a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulun wanka kaɗan don ya kama ganye, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan aiki shi ne ba a sayen shuka sau biyu. Duk waɗanda na ambata da yanka ko rabawa ake yaɗa su, kuma lokacinsa farkon damina ne, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, don su kafu kafin hunturu. A nemi ledar fiya wata, a yanke samanta, a huda ƙasan, a cika da yashi da ɗan ƙasa. Da sassafe a zaɓi reshen da bai tsufa ba bai kuma cika taushi ba, tsawon tafin hannu, a yanke shi da reza mai tsabta dab da ƙarƙashin gaɓa, don daga gaɓa saiwa take fita. A cire ganyen ƙasa a bar biyu ko uku a sama, in masu faɗi ne a rage rabinsu. A huda ƙasar da tsinke, a sa reshen gaɓa biyu su nutse, a danna gefensa, a jiƙa, a kifa farar leda a kai, a ajiye a inuwa. Koliyos ko a kofin ruwa yana fitar da saiwa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kuroton yakan ɗauki wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi, kuma kada a riƙa zaro shi ana leƙawa. Sabon toho shi ne albishir. Moda kuma da raba gindi ake yi, a ɓalle ɗa da saiwarsa, a bar wurin yankan ya sha iska kwana ɗaya. Ganyenta ma in aka yanka aka dasa yana fitowa, sai dai mai zanen ɗorawa ta wannan hanyar 'ya'yansa kore zalla suke zuwa, zanen ya ɓace. Haka kuma in akalifa ko kuroton ya fitar da reshe kore zalla, a datse shi, don ya fi sauran ƙarfi kuma zai rinjaye su.

In sayen ya zama dole, wajen masu sayar da fulawa a bakin titi a Gusau ko Kano ko Kaduna, ku buɗe ido. Ku ɗaga ledar ku duba ƙasanta. In ba alamar saiwa, mai yiwuwa reshe ne aka soka kwanan nan. Ku juya ganye ku duba bayansa. Ku tuna kuma shukar da ta girma a inuwa ana ba ta ruwa safe da yamma ba za ta ɗauki ranar Moriki a rana ɗaya ba. Sai an yi mata mako biyu a inuwa ana matso da ita haske sannu a hankali. Amma reshen da ka roƙa a gidan gwaggo ko wajen mai gadin makaranta ya fi na saye, don uwarsa ta riga ta ga bazarar garin nan ta tsira.

Akwai hattara da ba zan tsallake ba, don gidajenmu cike suke da yara. Ruwan jikin kuroton yana sa ƙaiƙayi, kada ya shiga ido ko baki, a wanke hannu bayan yanka. Akwai wasu masu kyan ganye dangin gwaza, irin su kaladiyom da difenbakiya, waɗanda in yaro ya tauna bakinsa da maƙogwaronsa suke kumbura. Gidan da ke da yaro mai rarrafe ya haƙura da su. Kada a bar ruwa ya kwanta a faranti ƙarƙashin tukunya, sauro ne zai hayayyafa. Kuma sanyin gindin tukunya yana jawo kunama, don haka a riƙa gusar da ita da ƙafar takalmi a leƙa kafin a sa hannu, a kuma share wurin.

Wasu cikinku za su tambaya ko akwai kuɗi a ciki. Akwai, amma kaɗan-kaɗan, kuma sai bayan an iya. Wanda ya riƙe uwa uku ko huɗu suka tsallake rani biyu a hannunsa, yana iya cika ledoji da dama a damina ɗaya ba tare da jari ba sai reza da yashi. Masu sabon gini suna nema, haka makarantu da gidajen mai da ma'aikatan da ke zaune a Ƙaura, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya take tun 1983, ga kuma kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis in hanya ta yi kyau. 'Yan mata da matan aure suna iya yi daga cikin gida, yara su kai. Kada a sayar da uwa ko an taya da tsada, kada a fitar da ledar da saiwarta ba ta kama ba. Kuma a tambayi mai saye inda zai ajiye da inda yake samun ruwa kafin a miƙa masa. In ya ce ga-ruwa yake saya kuma gidansa ba inuwa, a ajiye kuroton a ba shi moda.